Turaren da Aka Binne da Gwaggo

Daga Allah muke, wurinSa za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifina, ta riga mu komawa ranar wata Alhamis, ina tsakiyar kasuwar Maigatari da tiren kyandir a gabana. Wayata ba caji. Sai da wani direba ɗan unguwarmu ya ratso rumfuna ya nemo ni, ya tsuguna ya faɗa mini. Kafin in samu mota in iso Gumel an riga an kai ta. Ban ga fuskarta ba. Wannan na bar wa Allah, don ba a ajiye gawa saboda jiran mai sayar da kyandir.

Abin da ya tsaya mini a rai tun daga bakin lungu ya tare ni. Ƙamshi ne, ya cika lungun har ya fito titi. Maza na zaune kan tabarmi a ƙofar gida, wani dattijo yana shinshina tafin hannunsa yana ba da labari. Ya ce shi dai makara kawai ya kama, ga shi ya wanke hannu, ya yi alwala, abin bai fita ba. Na kusa da shi ya ce ai har maƙabarta haka aka yi ta ji, masu haƙa sai da suka tsaya suna tambaya. A cikin gida ma zancen ke nan. Tsohuwar da ke katanga ɗaya da Gwaggo ta riƙo hannuna tana hawaye, ta ce, "Kin ji ko, 'yar nan? Alamar dacewa ce. Baiwar Allah ta tafi cikin ƙamshi."

Matan suka amsa da amin. Ni kuwa na san ƙamshin nan, na kuma san ba ya cika lungu sai in an yi ɓarna. Na zare hannuna, ban tsaya karɓar gaisuwa ba, na wuce ɗakin Gwaggo, na durƙusa bayan randa inda take tara yashi mai laima. Ramin na nan, zagayayye, daidai gindin kwalba. Kwalbar ce babu.

Na fito na tambayi tsohuwar ina kwalbar bayan randa. Ta nuna mini madafa da haɓa. Can na same ta kusa da murhu, an wanke ta tas da toka da sabulu, an cika ta da man gyaɗan girkin baƙi. Na tambaya ina abin da ya kwanta a gindinta, saiwoyi da ɓawo da sauransu. Wata mata da ke tuƙa tuwo ta ce, "Wannan dattin? Ai an zubar a kwata." Na zauna a ƙasa a wurin. Masu wucewa suka yi ta ba ni haƙuri, a zatonsu mutuwar ce ta kayar da ni.

Bari in faɗi abin da ke cikin kwalbar, don wanda bai sani ba zai ce kan turare nake wannan ɓacin rai, kuma turare ya cika kasuwa. Gwaggo "uwa" take ce mata. Man ƙamshi ne mai kauri, baƙi-baƙi, da ta samo wurin uwar mijinta na fari a Damagaram, ita ma tsohuwar a hannun wata ta same shi. Ba a taɓa barin kwalbar ta ƙare. Gwaggo za ta ɗiba da cokali, sannan ta mayar da sabo daidai abin da ta ɗiba: madarar sandal, kajiji, farcen turare da ta soya ta daka, kanumfari kaɗan, ƙaron hano. Duk na san su, babu wani sirri, da hannuna na sha daka mata. Amma sabon ba ya zama komai sai ya kwana ya tashi cikin tsohon. Akwai abubuwan da suka shiga kwalbar tun kafin a haifi Gwaggo, ita kanta ba ta san sunansu ba. Da wannan man muke haɗa kyandir ɗin da ake nema daga Gumel har tsallaken iyaka, kuma da kyandir ɗin nake ciyar da 'ya'yana.

A zaman makoki na ji ana ta cewa Gwaggo mace ce mai haƙuri. Wace Gwaggon? Allah Ya jiƙanta, amma kada a yi mata ƙarya tana kabari. Gajera ce, muryarta ta fi ta girma, kuma duk abin da ya shigo gidanta sai ta fara kai shi hanci: atamfa, nono, jariri, baƙo. Kina sallama za ta ce, "Miyar kuka kika yi, kuma daddawar ta kwana biyu." Ranar da za ta zuba kyandir ba a soya albasa a gidan, har maƙwabta ta kan leƙa ta katanga ta roƙe su, roƙon da ya fi kama da umarni. Ta taɓa korar mai gyaran rufi daga kan tsani don ya kunna sigari, ta gwammace damina ta same ta da yoyo.

Asalinta mai turaren wuta ce. Shekaru tana yi, amare na layi, har hayaƙi ya kama mata ƙirji. A asibiti aka ce ta rabu da kasko da garwashi in tana son numfashinta. Ta dawo gida ta yi zaman haushi, ba mai iya yi mata magana. Ana cikin haka wata amarya ta nuna mata kyandir mai ƙamshi da aka kawo mata daga Kano, a cikin kofi, da takarda mai ƙyalli. Gwaggo ta shinshina ta ce, "Alewa ce wannan. Amma dabarar ta yi, ga ƙamshi babu hayaƙi." Daga nan ta tasa abin a gaba.

Ta sha wuya kafin ya yiwu. Farkon gwaji humra ta zuba cikin narkakken kaki, ya yi tsalle ya ƙona mata bayan hannu, tabon na nan har ta rasu. Da haka ta gane kaki ba ya shiri da abin da ke da ruwa, sai mai. Ta yi lagwani da zaren buhu, ya yi ta baƙin hayaƙi, ta koma ta ɗauko mazari tana kaɗa auduga da kanta. Ta yi dogaye irin na kanti, zafin Gumel ya lanƙwasa su tun kafin su kai kasuwa. Sai ta aika Maigatari aka sayo mata ƙananan kofunan shayi irin na Buzaye, ta koma zubawa a ciki. Kakin kanti ta ce warin kananzir yake, ita sai kakin zuma.

A kan kyandir ɗin ne suka yi faɗa da Baba, ƙanenta. Ya zo gaishe ta ya tarar da kofuna jere a tsakar gida, ya tsaya yana kallo.

"Hajiya, kyandir kuma? Mutane na sayen fitilar sola, ke kina komawa baya. Kuma kin san garin nan. Mai kunna kyandir mai ƙamshi da rana tsaka, ba kyakkyawan zato za a yi masa ba. Za a ce aikin boka ne."

Gwaggo ba ta ɗago daga tukunya ba. Ta ce, "Wa zai ce? Ban ji kowa ya ce ba sai kai. Ni na goya ka, ni na wanke maka kashi, yau kai ne za ka zo ka koya mini abin da ake zato? Tashi ka ba ni wuri, inuwarka na kan kofunana."

Baba ya fita yana saɓa babbar riga. Tun daga bazara ba su sake magana ba har aka yi girbi. Rannan sai ga shi a babur daga kasuwar Sule Tankarkar da buhun saƙar zuma da aka matse, ya sauke a zaure. Gwaggo ta fito ta kwance bakin buhun, ta cusa hanci, ta ce, "Hayaƙi ya yi masa yawa. Masu ɗiban ba su iya ba." Godiyar ke nan. Sannan ta dama masa fura da hannunta, ta zauna tana kallonsa har ya shanye. Tun daga ranar shi ke kawo mata kaki, kuma bai taɓa kawo wanda ta yaba ba.

Ni kuwa alherinta ya same ni lokacin da aka rufe iyaka. Maigidana direba ne, kaya yake kaiwa Nijar, motar ta tsaya cak a ƙofar gida har kaji suka fara kwana ƙarƙashinta. Ban kai kuka wurin kowa ba, amma Gwaggo ta ji. Da hantsi sai ga ta a gidana a Maigatari da tukwane biyu, da kaki, da ƙullin lagwani, da kwalin kofuna. Ba ta ce sannu ba, ba ta tambayi yadda muke ba. Ta leƙa tukunyar miyata, ta rufe, ta ce, "Tashi ki hura wuta."

Ranar ta koya mini. Ba a ɗora kaki kan wuta kai tsaye, sai a sa ƙaramar tukunya cikin babba mai ruwa. A tace da tsumma mai tsabta. Ba a zuba man ƙamshi yana tafasa, ƙamshin zai gudu, sai an ga gefen tukunya ya fara yin fata. A ɗaure lagwani a tsinke, a gitta a bakin kofi don ya tsaya a tsakiya. A jera kofunan cikin yashi mai laima, a inuwa, kada kowa ya taɓa su sai sun daskare. Na yi kuskure ta buge mini hannu da muciya, ina da 'ya'ya a lokacin, babbar ma ta fara tasawa. Da za ta tafi ta bar mini tukwanen, ta ce in na kuskura na dafa wake a ciki ba ni ba ita.

Tun daga nan gidana bai sake kwana da yunwa ba. Matan ma'aikata na Gumel na saye, masu haɗa kayan ɗakin amare na saye, matan Damagaram in sun shigo ranar kasuwa kai tsaye tirena suke nufa. Ba sa cewa a ba su kyandir. Cewa suke, "Akwai na tsohuwar Gumel?"

Amma ga inda Gwaggo ta ba ni haushi, kuma ba zan ɓoye ba don ta mutu. Duk lokacin da zan zuba sabo, sai na hau mota na zo Gumel ta auna mini man da zai ishi zubi ɗaya a 'yar kwalbar magani. Ba ta ƙara ko ɗigo. Na sha roƙonta.

"Gwaggo, ki raba uwar nan biyu, ki ba ni rabi in ajiye a can. Kwalba ce fa, tana iya fashewa."

"Ta shekara nawa ba ta fashe ba sai da kika zo?"

"To ko don halin rai."

Ta zuba mini ido. "Ina zaune ina numfashi kike raba gadona? In aka raba ta ƙarfinta zai ragu. Bari a sha ruwa tukuna."

Aka sha ruwa, ta ce bari a yi Babbar Salla. Aka yi, ta ce zafi ya yi yawa, ba a motsa uwa da zafi. Sanyi ya zo, ta ce man ya daskare. Haka ta yi ta ja na har ƙirjin ya kwantar da ita. Ko a kwancen na sake tayar da zancen, ta juya fuska bango ta ce ita ba yau za ta mutu ba. Taurin kai irin na Gwaggo ban taɓa gani ba, kuma ga inda ya kai mu.

'Yarta ɗaya ce a duniya, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Tana aure a Gagarawa, ita ta zo ta yi jinya. Ba ta taɓa shiga harkar turare ba, ko tukunyar kaki ba ta taɓa riƙewa ba. Na daure har aka yi sadakar uku baƙi suka ragu, sannan na same ta tana ninke zannuwan Gwaggo.

"Yaya, wa ya ɗauko kwalbar?"

"Ni na ɗauko."

"Duka aka zuba?"

"Mai wanka ta ce a kawo turare. In tafi kanti in sayo wa mai turare turare, nata na ajiye a ɗaki? An sa a ruwan ƙarshe, an sa a likkafani, an shafe tabarmar makara. Abin da ya rage na ce a zuba a garwashi don masu zaman makoki."

"Cokali ɗaya ya ishi likkafani har da makarar. Kin san da ita nake ci da 'ya'yana, Yaya. Kin sani sarai."

Ta ajiye zanen da ke hannunta. Idonta a bushe yake, tun ranar rasuwar ba wanda ya ga hawayenta, har mata sun fara ƙus-ƙus a kai.

Ta ce, "Na sani. Ke ma ki san wannan. Tun ina yarinya ake korata daga bayan randar nan. Zazzaɓi na yi mini, ita tana can tana duba ko yashi ya bushe. Ban taɓa ganin ta tarairayi wani abu a duniya kamar kwalbar nan ba, har da ni. Da aka ce a kawo turare, na ce to, abin da ta fi so ya bi ta. Uwata ce. Ban yi shawara da kowa ba, kuma ba zan ba kowa haƙuri ba."

Na faɗi abin da na faɗa, ita ma ta mayar. Muryoyinmu suka kai zaure, Baba ya shigo ya ce ko mun manta gidan makoki ne. Daga ranar tsakanina da Yaya sai ina kwana, lafiya lau.

Na koma Maigatari na ce ai ba a kaina aka fara ba, bari in gwada. Na sayo sandal mai kyau, na daka kajiji, na soya farce yadda ta koya mini, na jiƙa. Na zuba kyandir, ya fito sumul, ba tsaga ba rami. Ranar kasuwa wata Hajiya 'yar Damagaram da ta daɗe tana saye ta ɗauki ɗaya, ta kai hanci.

"Yana da daɗi," in ji ta. "Amma ba shi ba ne."

Ta ajiye a hankali, ta yi mini ta'aziyya, ta wuce. Bayanta wasu ma haka. Na kwashe tirena na koma gida da kusan duk abin da na fito da shi. Abin da ya fi ci mini rai, ni kaina na fara mantawa. In na rufe ido in tuno ƙamshin, sai in ji ya kusa zuwa ya koma. Ta yaya zan nemi abin da hancina ya fara sakewa? Sai na ce dole in samo kyandir ɗin Gwaggo na asali ko guda ɗaya, ya zama ma'aunina, in riƙa kunna shi kaɗan ina gwada nawa a kai har in matso kusa.

Na san akwai su birjik a gidajen Gumel, don mutanenmu ba sa kunna shi. Wannan shi ne yaƙin da Gwaggo ta yi ta yi ba ta ci ba. Mace za ta saya da tsadarsa, ta kai ɗaki, ta jera a kabad mai gilashi tsakanin tangaran da kofunan da ba a shan ruwa da su. In baƙi sun zo a nuna musu. In wuta ta ɗauke a kunna cocila, kyandir na nan yana kallo. Gwaggo in ta shiga barka ko biki ta hango nata a jere, sai ta buɗe kabad ɗin mutane ba izini ta ce, "Ina ashana? Don kallo na ƙona hannuna?" Masu ɗaki su yi ta ba ta baki, tana fita su mayar.

Na shiga gida-gida. An karɓe ni da mutunci, an buɗe mini kabad. Wallahi na ga kyandir ɗin Gwaggo da ya kai amarya ɗaki, ga amaryar yau da 'ya'ya har sun shiga makaranta, lagwaninsa fari fat ba a taɓa kai masa wuta ba. Na ɗauka na shinshina. Babu komai. Zafin shekaru ya shanye shi, sai warin kaki da na maganin kyankyaso. Gida bayan gida haka. Sun hana kansu, sun hana baƙinsu, sun ajiye har ya mutu a tsaye. Wata ma da na ce mata ƙamshin ya tafi, cewa ta yi ba komai, ai kyansa na nan. Na fito daga gidan ina magana ni kaɗai a titi, har mai Keke ya tsaya yana tambaya ko lafiya.

Daga ƙarshe tsohuwar nan maƙwabciyar Gwaggo ta tuna mini da wata amarya a bayan layinsu, wadda aka yi wa jere da zubin Gwaggo na ƙarshe, dab da ta kwanta. Na je. Guda biyu ne, ɗaya a kowane gefen agogo. Na buɗe kabad ɗin, tun ban kai hanci ba na ji shi. Yarinyar ta ce ita gaskiya in aka ɗauke ɗaya jeren zai karkace. Na ce zan kawo mata guda huɗu nawa, masu kofi mai zanen zinare. Ta ce sai ta tambayi uwarta. Uwar ta zo, aka yi ta ja, da ƙyar suka ba ni ɗaya. Na naɗe shi a gefen mayafina na riƙe da hannu biyu.

Ɗakin Gwaggo na kai shi, don ya fi ko'ina sanyi kuma ba warin girki. Yaya na gidan har lokacin, tana jiran a yi arba'in a raba kaya. Na gaishe ta, ta amsa, na wuce. Da hantsi ne. Na rufe taga, na saki labule, na jera 'yan kofunan haɗe-haɗena a ƙasa. Niyyata in kunna har saman kakin ya narke ƙamshin ya tashi, in shaƙa, in kashe. In na yi tattali zai kai ni watanni.

Na ƙyasta ashana. Wutar ta kama lagwanin da Gwaggo ta kaɗa da hannunta, ta tsaya cak ba hayaƙi. Kakin ya fara narkewa daga tsakiya. Sannan ya taso. Sandal ne a gaba, kajiji na biye, waɗannan na san su. Amma can ƙasa akwai wani abu mai ɗan ɗaci, kamar ƙasar da aka yi wa yayyafin farko, wanda babu shi a ko ɗaya cikin kofunana. Na matso. Na ji kamar na kusa kama shi, kamar na taɓa jin sa a rumfar wani mai kayan ƙamshi. Na ce ya isa na yau. Na lashi yatsuna biyu na miƙa hannu.

"Kar ki kashe."

Yaya ce a bakin ƙofa, ta ɗaga labule da hannu ɗaya. Ban ji zuwanta ba. Ta shigo ta zauna a bakin gadon Gwaggo.

"Yaya, shi ke nan fa. Babu wani a garin nan da za a ba ni. In ya ƙare na rasa ma'auni."

"Na sani."

"To ki bari in kashe. Gobe in na kunna sai in kira ki."

Ta girgiza kai. Ta zuba wa wutar ido. Sannan ta ce, "Ranar nan ban ji shi ba. Ni na miƙa da hannuna, kwalba guda. Kowa na cewa ƙamshi, ƙamshi, har maƙabarta. Ni ban ji komai ba, ko kaɗan. Sai yanzu." Ta ja numfashi. "Haka bayanta yake in ta goya ni. Don Allah ki bar shi."

Yatsuna na nan a jiƙe, tazarar da ke tsakaninsu da lagwanin ba ta kai taƙi ba. Raina na tafasa. Matar da ta zubar da abincin 'ya'yana ce ke roƙona in ƙona abin da ya rage. Na dube ta da niyyar in faɗa mata haka, sai na ga fuskarta ta jiƙe, hawaye na bin haɓarta suna ɗiga kan zane, ba ta ko sharewa. Na janye hannuna na goge a gefen zanena.

Muka zauna. Ba mu yi hira ba, ba mu yafi juna da baki ba. Da aka kira azahar ta tashi ta yi salla ina tsaron wutar, ta idar na tashi na yi tawa. Na yi ƙoƙari in sake kamo abin nan mai ɗaci, amma hanci in ya daɗe cikin ƙamshi sai ya daina rarrabewa, duk ya zame mini abu ɗaya. Ina kallo kakin ya sauka rabin kofi, ya wuce, ya kai gindi. Dab da la'asar lagwanin ya kwanta cikin ɗan abin da ya rage, wutar ta yi ƙasa, ta mutu.

Yaya ta share fuska da bakin mayafi. Ta ce, "Sai yau ta rasu."

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yafe mata faɗanta da taurin kanta, Ya saka mata da tukwanen da ta ɗauko ta kawo mini ban roƙa ba. Ya yalwata makwancinta, Ya sanyaya shi, Ya ba ta numfashin da ta rasa a nan. Wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a.

Har yanzu ina zuba kyandir, ina fita da tire ranar Alhamis, kuma har yanzu in na tuna raina na ɓaci. Masu saye na tsayawa su tambaya ko akwai na tsohuwar Gumel. Ina ce musu babu, ya ƙare, wannan nawa ne. Wasu su saya, wasu su ajiye su wuce.